Kago daga Guangzhou zuwa Kano: abin da kuɗinka ke saya da abin da ba ya saya

Duk mai shago a Kantin Kwari, ko Farm Centre, ko kasuwar Sabon Gari ya san tsarin, ko da bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Kamfanin kago yana da sito a Guangzhou, wasu har da Yiwu. Zai ba ka adireshin siton da wata alama da za a rubuta a jikin kowane katan naka. Masu sayar maka da kaya su kai can, a auna, a haɗa naka da na mutum talatin ko arba'in a kwantena ɗaya, bayan wata biyu ko uku a bugo maka waya ka zo sito a Kano ka biya ka kwashi kayanka. Ba ka je banki ka buɗe Fom M, takardar neman izinin shigo da kaya, ba, ba ka ga jami'in kwastam ba, ba ka san ma ta wace tashar jiragen ruwa ta Legas kwantenar ta fito ba, Apapa ko Tin Can.

Hukuncina a kan wannan sabis shi ne: ga mai kayan da ba su kai rabin kwantena ba, babu hanyar da ta fi shi sauƙi, kuma yawanci babu wadda ta fi shi araha. Amma sauƙin yana da farashin da ba a rubuta shi a rasit ba. Babu takardar jirgi ko ta kwastam ko ɗaya da ke ɗauke da sunanka, kuma makomar kayanka tana ɗaure da gaskiyar mutanen da ba ka sani ba, waɗanda kayansu ke kwance kusa da naka a cikin kwantenar. Wanda ya fahimci kalmomin da ake amfani da su a wannan harka zai iya gane kamfani mai kyau daga amsoshin tambaya biyar ko shida. Wanda bai fahimta ba, sai ranar biya yake gane abin da ya amince da shi.

A fara da awo, domin nan ne rigima ta fi tashi. Kayan da aka turo ta jirgin ruwa da CBM ake cajinsu, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Katan mai santimita 60 da 50 da 40, idan ka ninka 0.6 da 0.5 da 0.4, zai ba ka CBM 0.12. Katan ashirin irinsa CBM 2.4 ke nan. Lissafin ba wuya, amma ka lura da abu biyu. Na farko, ba girman da masana'anta ta rubuta a takarda ake bi ba, girman da ma'aikacin sito ya auna da tef ake bi, kuma yana aunawa ne daga inda katan ya fi kumbura. Katan ɗin da aka cusa wa gyale ko takalma har cikinsa ya turo, ƙarin santimita uku a tsawo da faɗi da tsayi ya isa ya ƙara maka kusan kashi ashirin cikin ɗari a kan awon. Idan aka sa wa kayan akwatin katako don kada su fashe, da katakon za a auna. Na biyu, kaya masu nauyi kamar tayil, batir da kayan ƙarfe ba a barinsu a kan CBM kawai. Ƙa'idar da aka sani a sufurin ruwa ita ce CBM ɗaya daidai yake da kilo 1,000, a caje ka da wanda ya fi yawa, amma kamfanonin kago da yawa suna sa iyakar ƙasa da haka. Ka tambayi kilo nawa suke yarda a CBM ɗaya kafin ka tura ko katan guda.

Kamfani mai kyau yana turo hoton kowane katan a kan sikeli, da tef a jikinsa, ranar da kayan suka shiga sito. Wanda ke cewa sai kaya sun iso Kano za ka ji awo, ya rufe maka ƙofar gardama, tunda a lokacin kayan na hannunsa kuma kuɗin sito na hawa.

A jirgin sama kuma da kilo ake yi, sai dai kilon iri biyu ne. Akwai nauyin sikeli, akwai nauyin girma, wanda ake samu idan an ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita aka raba da 6,000. Wancan katan ɗin namu zai ba da kilo 20. Ko da jakunkunan mata ne a ciki da ba su wuce kilo 12 a sikeli ba, kuɗin kilo 20 za ka biya. Kamfanonin aika saƙo na gaggawa ma da 5,000 suke rabawa, katan ɗin ya koma kilo 24. Shi ya sa jirgin sama ya dace da waya da kayan gyaranta da agoguna, abin da ke da tsada kuma ba ya cin wuri. Filo da kayan wasan yara da robobin kicin, ruwa ne hanyarsu. Batir mai litiyam, har da abin cajin waya na tafi-da-gidanka, yana cikin kayan da dokar sufurin sama ta sa a rukunin masu haɗari, don haka layinsa daban, farashinsa daban, kuma ya fi daɗewa. Mai ɓoye batir a cikin katan ɗin tufafi don ya rage kuɗi yana jawo a sauke lodin kowa a filin jirgi.

Sai haruffa ukun da ke jikin takardar farashi. Ana kiransu Incoterms, Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris ce ke fitar da su, kuma bugun 2020 yana da guda 11. Aikinsu su faɗi inda nauyin mai sayarwa ya ƙare, na mai saye ya fara. EXW na nufin farashin ƙofar masana'anta: kai za ka biya motar da za ta kai kayan sito. FOB na nufin mai sayarwa zai kai kayan har cikin jirgi a tashar ƙasarsa, ya biya kuɗin takardun fitarwa. CFR ya haɗa da kuɗin jirgi har Legas, CIF ya ƙara inshora a kai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗan kasuwa ya karɓi farashin FOB alhali ta kago zai turo. Kamfanin kago shi ke yin takardun fitarwa daga Sin, kuma ya riga ya sa kuɗin a cikin cajinsa, ka ga an biya abu ɗaya sau biyu. Abin da za ka nema shi ne farashin kai kaya siton kago a Guangzhou, ka ba su adireshin su lissafa. Wani abin da ba kowa ya sani ba: a CFR da CIF, ko da yake mai sayarwa ne ya biya jirgi, haɗarin kayan yana dawowa kanka tun daga lokacin da aka ɗora su a jirgi a can Sin. Idan ruwa ya shiga kwantena a teku, asararka ce, sai in akwai inshora.

Kamfanonin kago suna son kiran sabis ɗinsu DDP, wato a kawo maka har gida an biya kuɗin fito. A asali wannan kalma ta yarjejeniyar mai saye da mai sayarwa ce, amma ta zama yaren kasuwa, ma'anarta dai farashi ɗaya ya rufe jirgi da kwastam da tirela. To a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi tambaya dalla-dalla, domin wasu farashi biyu suke da shi: dala a kan kowane CBM na jirgi, sai naira a kan kowane CBM na kiliyarin, wato fitar da kaya daga hannun kwastam, kuma na nairar ba ya tabbata sai kwantena ta fito. Ba lallai ne wannan ya zama cuta ba. Kwastam tana lissafin haraji ne da canjin dala na hukuma, canjin kuma yana motsi tsakanin ranar lodi da ranar biya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɓoye maka cewa kuɗin biyu ne, ko a ƙi faɗa maka da wane canji za a juya dalar jirgin ranar da ka zo ɗauka.

Domin ka san ko kuɗin kiliyarin da ake cajinka ya yi daidai, sai ka san yadda kwastam ke lissafi. Kowane kaya yana da lambarsa, lambar HS. Lambobi shida na farko ɗaya ne a duk duniya, Hukumar Kwastam ta Duniya ce ke tsara su, sai jadawalin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, wanda ake kira CET kuma ya fara aiki a 2015, ya cika su zuwa goma. Waya tana ƙarƙashin 8517, batir 8507, faifan sola 8541, takalma kuma babi na 64. Jadawalin yana da matakai biyar: sifili ga kayan buƙatar jama'a na dole, kashi 5 ga ɗanyen kaya da injina, kashi 10 ga kayan da za a ƙara sarrafawa, kashi 20 ga kayan da aka gama don mai amfani, kashi 35 ga waɗanda ake son kare masana'antun gida daga gare su. Wasu kayan Najeriya tana ɗora musu ƙarin haraji na musamman a bisa wannan. Yawancin abin da 'yan kasuwar Kano ke kawowa, tufafi da takalma da jakunkuna da kayan kicin, gamammun kaya ne, ba sa cikin matakan ƙasa.

Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi. Kaya na dala 10,000 a FOB, jirgi dala 1,500, inshora dala 100. CIF ya zama 11,600, kuma a kan CIF ake ɗora diyuti, ba a kan kuɗin sayen kayan kaɗai ba. A kashi 20, diyuti dala 2,320 ne. A tsarin da aka daɗe ana bi kafin 2025, akwai ƙarin kashi 7 na diyutin kansa, kimanin dala 162, da kashi 1 na FOB wanda ake kira CISS, dala 100, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, wanda bai kai dala 60 ba. Sai a tara CIF da duk waɗannan a ɗora VAT na kashi 7.5, ya ba da kusan dala 1,070. Jimilla wajen dala 3,700, kusan kashi ɗaya cikin uku na CIF, alhali a jadawali kashi 20 ka gani. Kuma ba a sa kuɗin tasha, da na kamfanin jirgi, da na ejan mai fitar da kaya daga kwastam, da na tirela ba tukuna. Ƙananan cajin nan suna sauyawa. A Fabrairun 2025 kwastam ta fara karɓar kashi 4 na FOB bisa dokarta ta 2023, 'yan kasuwa suka yi ca, aka dakatar a lokacin. Don haka a kowane lodi ka tambayi ejan waɗanne caji ne ke aiki a ranar.

Yanzu ka kwatanta wannan da abin da kago ke karɓa a kan CBM. Idan kayanka masu tsada ne kuma ba su da girma, sau da yawa za ka ga kuɗin kiliyarin da ka biya bai kai abin da lissafin nan ya nuna ba. Daɗi ne a aljihu, amma ka san daga inda arahar ta fito. Wani ɓangare halal ne: kuɗin tasha da na tirela da na ejan an raba su a kan mutane da yawa, kuma kayan wasu masu ƙaramin haraji ne. Wani ɓangaren kuma, a wasu kamfanoni, daga rage darajar kaya ne a takarda, ko rubuta kwantena gaba ɗaya da lambar HS mai ƙaramin haraji. Ranar da kwantenar ta faɗa jan layi, wato rukunin da kwastam ke bincikawa ido da ido, aka buɗe ta aka sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, jami'i zai ga abin da ke ciki ya saɓa wa takarda, sai a rubuta DN, takardar neman cikon haraji, wani lokaci da tara. Wannan kuɗin a kan masu kaya ake raba shi, har da wanda ya faɗi gaskiyar nasa. Ko kwantena ta fito daga tasha, jami'an FOU, rundunar sintiri ta kwastam, suna kan hanya, na shiyyar Ikeja da na shiyyar Kaduna, kuma suna da ikon tsare tirela idan takardun ba su yi daidai da lodi ba.

Wannan shi ne babban raunin sabis ɗin a ganina, kuma shi ne ma'aunin da ya fi raba kamfani nagari da na banza: shin suna buɗe katan a Guangzhou kafin su loda? Mutum ɗaya ya sa magani ko man shafawa marar rajistar NAFDAC, ko jirgi marar matuƙi ko rediyon oba-oba, waɗanda sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ko gwanjon tufafi da doka ta hana shigowa da shi, ko jabun kaya masu tambarin wani kamfani, kwantenar gaba ɗaya za ta tsaya. Hajiya mai katan goma na kofuna da faranti, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ma sai ta jira wata biyu. Idan kamfani ya ce sai ka ba shi jerin abin da ke cikin kowane katan, ya ƙi karɓar wasu kaya, ko ya ware kwantena daban ga kayan da ke buƙatar izini, kada ka ji haushin takurar. Kai yake karewa. Wanda ke cewa kawo komai za mu shigar, shi ne abin gudu. Haka kayan lantarki da tayoyi da kayan wasan yara suna buƙatar takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, kuma tun a ƙasar da aka yi lodi ake samo ta.

Tsayuwar kwantena kuɗi ce da ke hawa kullum, ta fuska biyu. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, bayan su ya fara cajin damarej saboda kwantenarsa da aka riƙe. Ita ma tasha tana cajin kuɗin ajiya saboda filin da kwantenar ta tare, kuma cajin yana ƙaruwa mataki-mataki yayin da kwanaki ke tafiya. Ka sa a rubuta maka tun farko wa zai ɗauki wannan idan jinkirin ba daga kayanka ya fito ba. Kamfanoni kaɗan ne ke yarda su rubuta, kuma waɗanda suka yarda sun cancanci ƙarin 'yan daloli a kan CBM.

Game da takardu: takardar lodi ta jirgi, wadda 'yan harkar ke kira BL, ita ce shaidar mallakar abin da ke cikin kwantena, kuma sunan kamfanin kago ko na ejansa ne a jiki. Fom M, da rahoton PAAR da kwastam ke fitarwa kafin kaya su iso, da rasit ɗin biyan diyuti, duk da sunansu. Abin da ke hannunka rasit ɗin sito ne kawai. Saboda haka rasit ɗin ya ƙunshi adadin katan, awo, alamarka, ranar karɓa da sa hannu. Bayan lodi ka nemi lambar kwantena, haruffa huɗu da lambobi bakwai, da sunan kamfanin jirgi. Da su za ka shiga shafin kamfanin jirgin a intanet ka ga inda take da idonka. Kamfanin da ya hana ka wannan lamba, sau da yawa bai loda ba ne, yana jiran kwantena ta cika.

Diyya kuwa, a nan sabis ɗin ya fi rauni bayan batun haɗa kaya. Da yawa ba sa biyan darajar kayan da suka ɓata, sai wani ninki na kuɗin jirgin da ka biya, kuma fashewa ba ruwansu. Kayan gilashi da talabijin da faifan sola, ka biya kuɗin akwatin katako, ka nemi inshora a rubuce a kan darajar da ke cikin takardar sayenka.

Lokaci ma a faɗe shi yadda yake. Tafiyar teku daga kudancin Sin zuwa Legas takan ci kwana 35 zuwa 45, domin jirage da yawa suna tsayawa a wasu tashoshin. Ka ƙara jiran lodi, da kiliyarin, da tafiyar tirela ta kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. Wanda ya yi maka alƙawarin kwana 45 daga sito zuwa sito, mafi kyawun rana ya faɗa maka. Ka sa wata biyu zuwa uku a lissafinka. Sabuwar shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu su rufe na makonni, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana zuwa dab da wannan hutu. Kayan ƙaramar Sallah da ba su bar sito a Disamba ba, akwai yiwuwar sai bayan Sallah za a gan su, yayin shaddar ko takalmin ya wuce. Akwai kuma hutun mako guda a farkon Oktoba.

Yaushe ne ya kamata ɗan kasuwa ya bar kago ya yi kwantenarsa? Mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen CBM 28 a aikace, duk da a takarda 33 ne. Mai ƙafa 40 doguwa tana ɗaukar wajen 68. Idan lodinka ya fara wuce CBM 15 a kai a kai, ka zauna da ejan mai lasisin kwastam ku yi lissafin duka hanyoyin biyu. Za ka buƙaci rajistar kamfani a CAC, da lambar haraji TIN, da banki da zai buɗe maka Fom M kafin a loda kaya, ba bayan an loda ba, da inshora daga kamfanin Najeriya a kan kashi 110 na darajar kayan da kuɗin jirgi. Wannan sharaɗin inshorar gida shi ya sa farashin CFR ake nema daga mai sayarwa, ba CIF ba. Za ka kuma ajiye kuɗin jinginar kwantena a wurin kamfanin jirgi, wanda ba ya dawowa sai ka mayar da ita fanko, kuma kwanakin zuwa Kano da komawa Legas duk suna cikin lissafi. Akwai tashar tudu ta Kaduna da aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano da aka buɗe a 2023, inda za a iya yin kiliyarin a Arewa. Mai son bin wannan hanya sai ya sa a rubuta tashar tudun a matsayin zangon ƙarshe a Fom M da BL tun kafin jirgi ya tashi, domin gyara takardar bayan kwantena ta sauka a Legas yana cin kuɗi da kwanaki, damarej kuma ba ya jira.